Babi na Huɗu: Miya Ta Samu, Saura Tuwo

A gabashin Habana, babban birnin ƙasar Kyuba, akwai wata unguwa da ake kira Alamar. Dogayen benaye ne na siminti a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa, waɗanda ma'aikata suka gina da hannunsu tun shekarun 1970 a kan salon gine-ginen Tarayyar Sobiyet. A shekarar 1997 wani jami'in ma'aikatar gona mai suna Miguel Salcines ya ajiye aikin ofis, shi da wasu mutum huɗu suka karɓi aron wani kangon fili a tsakanin benayen nan. Faɗinsa murabba'in mita 800 ne, wato bai cika fuloti mai ƙafa ɗari kowane gefe ba. Nan suka fara rainon irin kayan lambu. Bayan wasu shekaru filin ya kai kusan hekta 11, masu aiki a cikinsa sun haura mutum 150, kuma babu buhun takin zamani ko galan ɗin maganin ƙwari da ke shiga wurin. Baƙi daga ƙasashe da dama suna zuwa kallo, sukan koma gida suna cewa sun ga noman gobe.

Mutanen Alamar ba don su burge baƙi suka fara ba. Yunwa ce ta kai su.

Kafin 1990 da wuya a samu ƙasa a Latin Amurka da ta kai Kyuba noman zamani. Taraktoci dubbai, manyan gonakin gwamnati da ido ba ya ganin ƙarshensu, jiragen sama na feshi, takin zamani tan miliyan ɗaya da ɗoriya a shekara. Amma kusan duk wannan ƙarfi a kan abu guda aka zuba shi, wato rake. Tun da ƙasar ta shiga ƙungiyar cinikayya ta ƙasashen gurguzu a 1972, ciniki ya zauna a kan tsari mai sauƙi: Kyuba ta tura sukari a farashin da ya fi na kasuwar duniya, jiragen ruwa su dawo mata da man fetur, alkama, taki, abincin dabbobi da kayan gyaran injuna. Mai kaɗai kusan tan miliyan 13 ne a shekara. Fiye da rabin abin da ɗan Kyuba ke sa wa a bakinsa daga hayin teku yake zuwa. Rayuwa ta yi daɗi daidai gwargwado, yara suna shan madara, asibiti da makaranta kyauta, ba wanda ya ga dalilin tambayar me zai faru ranar da jiragen suka daina zuwa. Amma kwanciyar aro ba ta hana tashi tsakar dare.

Tsakar daren ya zo a ƙarshen 1991, da Tarayyar Sobiyet ta watse. Cikin shekara biyu ko uku man da ke shigowa ya ragu da fiye da rabi, taki da magungunan ƙwari suka ragu da wajen kashi 80 cikin ɗari, tattalin arzikin ƙasar ya tsuke da kusan kashi 35 tsakanin 1989 da 1993. Amurka, wadda ta ƙaƙaba wa tsibirin takunkumi tun farkon shekarun 1960, ta ƙara ɗaure igiyar da sabuwar doka a 1992, ta sake ƙarawa a 1996. Gwamnatin Fidel Kastro ta raɗa wa wannan zamani suna “Lokaci na Musamman a Zamanin Zaman Lafiya”. A cikin gidaje kuwa abin da ake gani shi ne tukunya ba ta cika. Abincin da mutum ke samu a rana ya sauko daga kalori kusan 2,900 zuwa ƙasa da 1,900. Likitocin da suka bi diddigin abin daga baya sun gano cewa baligi ya zubar da kimanin kilo biyar na nauyinsa. Sai ga wata cuta ta ɓulla daga lardin Pinar del Rio, yankin masu noman taba, tana dushe wa mutane gani tana kashe musu jijiyoyin ƙafa. Ta kama sama da mutum 50,000 kafin a tabbatar cewa tushenta rashin abinci mai gina jiki ne. Wuta kan ɗauke har awa 16 a rana. Taraktoci suka tsaya a inda mai ya ƙare musu. An sayo kekuna sama da miliyan ɗaya daga ƙasar Sin, likita da malamin jami'a kowa ya hau, da yunwarsa, yana tuƙa kilomitoci zuwa wurin aiki.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin masu ba da labarin lambunan Habana sukan tsallake shi da sauri su kai ga koren ganye. Mutane sun sha wuya ƙwarai. A watan Agustan 1994 tarzoma ta ɓarke a bakin tekun Habana, kuma a wannan damina sama da mutum 30,000 suka hau kwale-kwalen da suka harhaɗa da katako da tayoyi suka nufi Amurka. Wasu ba su isa ba.

Tun kafin hukuma ta ce uffan, mutanen birni sun fara shuka. A saman rufi, a baranda, a tsohon baho, a kangon da gini ya rushe, a bayan makaranta. Abin da gwamnati ta yi da ya cancanci yabo shi ne ba ta tura ’yan sanda su tumɓuke ba. Ta bi bayan jama'a. Ta ce duk wanda zai noma filin gwamnati da ke zaune a banza, a ba shi aro kyauta muddin yana nomawa. A watan Satumban 1993 aka yi dokar da ta yanyanka yawancin manyan gonakin gwamnati, aka damƙa su ga ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatan da ke cikinsu. A watan Oktoban 1994, wata biyu bayan tarzomar, aka buɗe kasuwannin da manomi zai sayar da rarar amfaninsa a farashin da suka daidaita da mai saye. Ga ƙasar da ta ɗauki shekaru tana kallon ɗan kasuwa a matsayin abokin gaba, wannan ba ƙaramin sassauci ba ne.

Matsalar farko ita ce ƙasar birnin kanta. Filin da aka shekara ana zuba masa ɓaraguzan gini da shara ba ya fitar da latas. Maganin da suka samu shi ne abin da suke kira organoponiko, dabarar da sojojin ƙasar suka fara gwadawa a ƙarshen shekarun 1980 don ciyar da barikokinsu. Idan ka tsaya a gefensa, fangali ne dogo, faɗinsa mita ɗaya da ’yan kai, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ƙafa ta taka ciki ba. An tayar masa da ɗan bango da bulo, ko duwatsu, ko tsofaffin fale-falen rufi, duk abin da aka samu. Ba a dogara da ƙasar da ke ƙarƙashi ba: ana cika shi da ƙasar da aka ɗebo daga wani wuri, a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki, da kashin shanu, da dusar da ke fita daga matatar rake. A kan kowane fangali akwai shuke-shuken da ba don ci aka sa su ba. Wata fure mai ruwan ɗorawa da ƙarfin wari tana korar wasu ƙwari, ɗoɗɗoya ma haka, layin masara ko dawa a gefe yana tara ƙwarin da ke cin ’yan'uwansu. Ana cire latas yau, gobe an dasa wani abu a gurbinsa, fangali ba ya hutawa duk shekara: kabeji, tumatir, albasa, karas, kokwamba, kuɓewa, ganyaye iri-iri.

Can a inuwa kuma akwai wasu dogayen kwamaye na siminti da aka lulluɓe. Idan aka ɗaga murfin aka tura hannu, jajayen tanu ne dubbai suke motsi a cikin kashin dabbobi mai danshi. Suna ci suna fitarwa, bayan ’yan watanni abin ya zama baƙar ƙasa mai laushi, ba wari, kamar garin shayi. Ita ce ta maye gurbin buhunan da jiragen Sobiyet suka daina kawowa. Maganin feshi kuma, cikin waɗanda suka fi dogara da su har da wanda ake jiƙawa daga ’ya'yan wata bishiya da suka dasa da yawa a lokacin. Mu mun san ta sarai. Darbejiya ce, dogon yaro, wadda ke tsaye a ƙofar kusan kowace makarantar firamare daga Maiduguri zuwa Maraɗi.

Duk lokacin da na karanta bayanin takin Habana sai na tuna jakunan da nake gani ina yaro, da rani, suna fita daga ƙofofin Kano da sassafe. Kowanne da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, mai jakin yana biye da sanda, su nufi gonakin karkara. A gona za ka ga an jibge takin tsibi-tsibi a jere, yana jiran ruwan farko. Manoman kewayen Kano sun yi ƙarnoni suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu da wannan dabara, birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Abin da ya bambanta Kyuba shi ne ta ɗauki irin wannan sani ta haɗa shi da ɗakin bincike, ta sa masu digiri suka zauna a kansa da gaske.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na dankali, irin wanda muke kira dankalin Hausa, wanda yake cikin manyan abincin ƙasar. Akwai wani ƙwaro da ke huda shi a cikin ƙasa, ya bar shi da ɗaci ko dabba ba ta so. Da magani ya yanke, sai aka koma ga wata tururuwa mai babban kai da ke cin ƙwai da tsutsar ƙwaron. Manomi zai sari kututturen ayaba gunduwa-gunduwa, ya yayyafa musu ruwan sukari, ya ajiye a inda tururuwar ke da gida. Idan ta tare a ciki da ’ya'yanta, sai ya ɗauka ya kai gonar dankali ya ajiye a tsakanin kunyoyi. Shi ke nan, ya kai masu gadi. Ban da wannan, an kafa ƙananan cibiyoyi sama da 200 a faɗin ƙasar, da yawansu a harabar ƙungiyoyin manoma, inda ’ya'yan ƙauye da suka yi karatu ke kiwon wasu mitsi-mitsin zanzaro masu lalata ƙwan tsutsa, da ƙwayoyin halitta masu kashe ƙwari ba su taɓa mutum ba. Binciken waɗannan abubuwa an fara shi tun shekarun 1980, lokacin da ba a matsu ba. Da ranar buƙata ta zo, an same su a shirye.

Shanun huɗa ma sun dawo. Yawansu ya ninka fiye da sau biyu a cikin shekarun 1990, aka shiga neman tsofaffin da suka iya horar da sa da ɗaura masa karkiya, mutanen da a da ake yi wa kallon sun tsaya a baya. Nan wani abu ya fito fili wanda ya ba masu tsara manufofi mamaki. Manyan gonakin gwamnati, da ma'aikaci ke zuwa ya yi awoyinsa ya tafi, su suka fi durƙushewa. Ƙananan manoma, waɗanda suka san kowane lungu na gonarsu, ba su daina haɗa masara da wake da rogo da kabewa a fili ɗaya ba, su suka fara miƙewa. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ANAP, ta ɗauko wata hanya daga manoman Guwatemala da Nikaraguwa ta fara aiki da ita a lardin Villa Clara a 1997: maimakon malamin gona ya zo da takarda, manomin da ya gwada abu ya yi masa kyau shi zai tara maƙwabta a gonarsa ya nuna musu. Suna da karin magana cewa manomi sai ya gani yake yarda, daidai da namu na gani ya kori ji. Cikin shekara goma da ’yan kai iyalai sama da 100,000 suka shiga. A tsakiyar shekarun 2000, ƙananan manoman da ke riƙe da kimanin rubu'in ƙasar noma su ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na abincin da ake nomawa a cikin gida.

Wannan ya dawo da mu Alamar. Filin na gwamnati ne, amma lambun na masu aikinsa ne. Su ke zaɓen shugabanninsu, su ke zama su yanke abin da za a shuka da abin da za a saya. Bayan albashi, ana raba musu wani kaso na riba gwargwadon daɗewar mutum a ƙungiyar, har ya zama ma'aikacin lambu kan fi ma'aikacin ofis samu. Da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya daga wasu ayyuka. A bakin ƙofa akwai rumfar sayarwa, matar da ke zaune a bene na biyar za ta sauko da jakarta ta sayi latas da aka cire da safiyar nan, ba mota, ba firji, ba dillali. A ganina nan ƙarfin abin yake. Tanu da darbejiya kowa zai iya samu. Abin da ke da wuyar samu shi ne mutum ya tashi da asuba ya tafi aikin da ya san amfaninsa zai dawo hannunsa, kuma yana da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da shi.

Sai dai dole a faɗi ɗaya rabin labarin, kuma ina faɗinsa da nauyin zuciya domin ina ƙaunar lambunan nan. Abin da suka samar miya ce. Ɗan Kyuba tuwonsa shinkafa da wake ne, da burodi, da ɗan naman alade ko kaza idan ta samu, kuma fangali mai faɗin mita ɗaya ba ya fitar da waɗannan. Har yau ƙasar tana sayo tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na abincinta daga waje, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu a shekara. Shinkafa daga Biyetnam, kaji daskararru daga Amurkar da ta sa mata takunkumi, bisa wata doka ta shekarar 2000 da ta halatta sayar mata da abinci idan za ta biya lakadan. A farkon 2024 aka sanar cewa gwamnati ta nemi Hukumar Abinci ta Duniya ta taimaka mata da madarar gari don ƙananan yara.

Takunkumi yana da nasa kason laifin, babba ma. Amma manoman ƙasar sun daɗe suna kuka da wani abu na cikin gida. ’Yancin da aka ba mai lambun birni ba a ba manomin hatsi da mai kiwo irinsa ba. Shi dole ya sayar da mafi yawan amfaninsa ga hukumar saye ta gwamnati a farashin da ta yanka, ya jira motarta, wani lokaci tumatir ko mangwaro ya ruɓe a bakin gona motar ba ta zo ba, kuɗinsa kuma ya yi watanni bai fito ba. Matasa suka bar ƙauye. A 2008 Raul Kastro ya fara raba gonakin da ke zaune a banza ga duk mai so, amma da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa sun tarar wata ƙaya ta riga su. Sunanta a can marabu, an kai ta tsibirin daga Afirka a ƙarni na 19, ta cinye fili sama da hekta miliyan ɗaya. Ɗunɗu ne, wanda makiyayanmu suka sani a daji. A can babu abin da ke tare shi, sai ya zama kurmin da ko sa ba ya ratsawa. Daga baya aka gano yana yin gawayi mai kyau. A watan Janairun 2017 tan 40 na gawayin ɗunɗu, wanda ƙungiyoyin gama-kai suka ƙona, shi ne kaya na farko da Kyuba ta sayar wa Amurka bisa doka cikin fiye da shekara hamsin.

Batun wuta ya bi wata hanya dabam, kuma kwatanta shi da na lambu yana da amfani. An fara da kyau. A 1994 wasu masana da injiniyoyi suka kafa ƙungiyar Cubasolar, suka shiga kai farantan hasken rana ƙauyukan kan duwatsu inda layin wuta bai taɓa zuwa ba, suna fara wa da ɗakin likitan ƙauye, don a samu fitila da firjin ajiye allurar rigakafi. Zuwa 2001 an sa wa makarantun karkara sama da 2,300 faranti, har da waɗanda ɗalibansu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wasu masu kiwon alade suka gina ramukan da ke mayar da kashi iskar girki. Waɗannan duka ƙanana ne, suna kusa da mai amfani da su, kamar fangalin Alamar.

Sai sauƙi ya zo. A watan Oktoban 2000 Hugo Chavez na Benezuwela ya sa hannu a yarjejeniyar tura wa Kyuba ganga 53,000 na mai kowace rana a kan sharuɗɗa masu sauƙi, daga baya adadin ya kusa ninkawa, Kyuba kuma tana tura likitoci. Jiragen ruwa sun dawo, tuta ce kawai ta canja. An yi wani yunƙuri a 2006 da aka kira juyin juya halin makamashi, matasa suka bi gida-gida suna canja miliyoyin ƙwayayen fitila da tsofaffin firji da masu cin wuta kaɗan, aka kuma baza injinan dizal a larduna. An rage ɓarna sosai, amma tushen bai taɓu ba. Shekara ashirin bayan yarjejeniyar, abin da rana da iska da ruwa da ɓawon rake ke bayarwa bai wuce kashi biyar cikin ɗari na wutar ƙasar ba, a tsibirin da rana ke dukansa kusan kowace rana ta Allah. Sauran yana fitowa ne daga mai da iskar gas, mafi yawa a wasu manyan tashoshi da suka haura shekara talatin ko arba'in suna aiki. Unguwa ta iya mallakar lambunta, amma ba a taɓa ba ta damar mallakar wutarta ba.

Da tattalin arzikin Benezuwela ya karye, man ya fara ja da baya. Ranar 18 ga Oktoban 2024, da hantsi, tashar Antonio Guiteras da ke Matanzas, mafi girma a ƙasar, ta tsaya, ta ja babban layin gaba ɗaya ya faɗi. Mutum wajen miliyan goma suka shiga duhu, wasu har kwana huɗu, ga guguwar teku ta sauka a gabashin ƙasar a cikin kwanakin. Famfunan tura ruwa zuwa benaye suka tsaya. A unguwannin Habana mutane suka fito da ɗan naman da ke narkewa a firji, suka haɗa murhu da itace da gawayi a bakin titi suna dafawa kafin ya lalace. Gwamnati ta shiga gina manyan filayen farantan hasken rana da taimakon ƙasar Sin, da burin kafa 92 kafin ƙarshen 2028. Dukkansu na kamfanin wutar gwamnati ne, kuma a kan tsohon layin nan guda za su zuba abin da suka tara.